Ɗakin da Muka Gina wa Firayim Ministan Ingila

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Jikokina ma sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nufi. Amma akwai abu ɗaya da ba zan manta ba har ranar da za a rufe ni, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi tiryan-tiryan: kakar da mahaifina ya sa muka gina wa Firayim Ministan Ingila ɗaki a ƙofar gidanmu. Kada ku fara dariya tukuna. Ku bari in ɗauko muku shi daga tushe.

Mahaifina dagaci ne a da, a wani gari can wajen Likoro. Ina ƙarami aka tuɓe shi, zamanin Turawa. Yadda Inna ta ba mu labari, wani Bature ne ya zo rangadi ya sauka a barikin garin, aka yi ruwa da iska, rufi ya yi yoyo daidai kan gadonsa. Masu son rawanin suka ƙara gishiri, kafin a ce kwabo an cire wa Baba rawani, an ce ya bar gari. Al'adar ke nan, wanda aka tuɓe ba ya zama inda ya yi mulki. Aka kwaso mu da awakinmu aka kawo mu wani ɗan ƙauye a bayan Furana, inda hanyar jaki ce kaɗai ke shiga.

Tun ranar da Baba ya sa ƙafa a gidan nan bai ƙara taka waje ba. Iyakarsa zaure. Ba masallaci, ba kasuwa, ba gona, ba suna, ba jana'iza. Sallarsa a zaure, askinsa a zaure. In an matsa masa sai ya ce, "In fita da me a kaina? In naɗa rawani a ce ban daddara ba, in sa hula a ce ga dagaci ya koma talaka. Da wace fuska?" Haka Turawa suka tattara suka tafi, aka samu mulkin kai, ni na girma na yi aure na riƙe gona, Baba na nan kan buzunsa.

Zama kuwa bai bar shi haka ba. Ƙafafunsa suka kumbura suntum, in ka danna da yatsa sai ramin ya tsaya. Na je Ikara na ɗauko malamin asibiti, ya duba ya ce, "Baba, wannan ciwon zama ne, ba ni da allurarsa. In ba ka taka ba, damina mai zuwa sai an riƙa ɗaukarka zuwa bayan gida. Ta gaba kuwa Allah kaɗai ya sani." Baba ya ce, "To a ɗauke ni." Ni mutum ne mai saurin fushi tun ina yaro, ranar nan sai da na fita bayan rumbu na yi ta dukan katanga, don ba a yi wa uba tsawa. Ina son tsohon nan, ina kuma kallo yana kashe kansa a zaune.

Akwai wani malamin firamare, saurayi, ɗan dangin Inna, da yake da rediyo a ɗakinsa. Ran Juma'a yakan turo kekensa ya zo gaida Baba. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da aiki da gajiya, tambayar Baba ɗaya ce tak: "Wa aka tuɓe?" Ba ruwansa da farashin gyaɗa, ba ruwansa da siyasar Kaduna. In babu wanda aka tuɓe a makon, sai ya juya kai, hira ta mutu.

Wata Juma'a, ruwa ya ɗauke, dawa ta fara nuna, malamin ya zo da murnarsa don yau yana da babban labari. Ya ce, "Baba, an tuɓe Firayim Ministan Ingila."

Baba ya gyara zama. "Wato wazirin Sarauniya?"

"Ya fi waziri, Baba. Ita tana zaune ne kawai, shi ke juya ƙasar. Talakawa ne suka jefa ƙuri'a suka kayar da shi."

"Talakawa ba sa tuɓe kowa, akwai dai manya a baya. Ci gaba."

"Abin tausayin ma, da can yana da sarautar gidansu ta gado, tun kaka da kakanni. Aka ce masa ba a haɗa biyu, sai ya ajiye ta gado ya karɓi wannan. Ga shi ko shekara bai cika ba."

Na ɗauka Baba zai yi guɗa, ya ce alhakinsa ne ya kama Turawa. Wallahi sai na ga idanunsa sun cika da ƙwalla. Ya ce, "Inna lillahi. Ya saki reshe ya kama ganye. Bawan Allah, ba tsuntsu ba tarko." Sannan ya ce, "Ina za a kai shi?"

Malamin ya ce rediyo bai faɗa ba.

"Ba za su faɗa ba, ni ma ba a yi shela ba. Ƙasar tasu ba ɗan tsibiri ba ce?"

"Haka ne, Baba."

"To a ɗan tsibiri ina za su ajiye shi da ba zai jiyo tambarin sabon ba? Dole su ƙetaro da shi. Kuma Bature ba ya kai mutum inda bai sani ba. Da suka tashi yar da ni, duk faɗin ƙasar Zazzau ina suka zaɓa?" Ya buga ƙasa da tafin hannu. "Nan! Ba hanya, ba kasuwa. Sun gwada wurin sun ga ya yi, tunda ga ni ban motsa ba. Nan za su kawo shi."

Na ce, "Haba Baba! Turawa fa sun tafi."

Ya ce, "Sun tafi, amma taswira na aljihunsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Malamin ya buɗe baki, ya dubi furfurar Baba, ya mayar ya rufe. Yaro ne mai ladabi, ba a koya masa ƙaryata manya ba.

Kashegari Baba ya kira ni ya ce a nemo magini. Wai ba zai bari a yi wa mutumin abin da aka yi mana ba, a sauke shi a rumfar kara tare da awaki. Za a gina masa ɗaki irin na bariki a ƙofar gida, mai doguwar ƙofa don kada ya riƙa buga goshi, da taga, da baranda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga dawa na jiran yanka, ga rake a fadama, ni kuma in tsaya kwaɓa ƙasa don wani Baturen da bai san an halicce mu ba? Na shiga wurin Inna ina huci, na ce mata tsoho ya taɓu, gara mu rufa wa kanmu asiri. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Uba ne, yi masa. Amma ni zan zaɓi wurin ginin."

Ta zaɓi gindin tsamiya, can gefen gida, inda daga zaure ba ka hango komai sai kusurwa ɗaya. Lokacin ban gane ba. Sai da na kama ta tana miƙa wa magini ƙwaryar fura ta bayan danga, tana ce masa, "Wannan kusurwar da yake hangowa, ka ɗan karkata ta."

Magini kuwa ya karkata ta da gaske. Baba na zaure yana leƙe yana ihu, "Kai! Ginin ya tafi gabas! Ba ka gani?" Magini ya ce, "Daga nan dai daidai yake, Baba." Aka kwana, bango ya ƙara tsawo, ya ƙara karkata. Baba ya yi jifa da takalmi, ya yi rantsuwa cewa shi da ya gina bariki da hannunsa ba a taɓa raina masa hankali irin haka ba. Magini dai amsarsa ɗaya, daga nan daidai yake.

Ranar da abin ya faru ina cikin ramin ƙasa har gwiwa. Sai na ga magini ya tsaya da tubali a hannu, baki sake. Na waiwaya. Ga Baba a waje, ya dogara sanda, yana jan ƙafa, ya kifa malfata ta zuwa gona a kansa. Daga baya ya gaya mini dabarar: malfa ba rawani ba ce, ba kuma hula ba, sarki na sa ta, makiyayi ma na sa ta, don haka ba wanda zai ce ga matsayin da ya fito da shi. Ya zo ya tsaya gaban bangon yana haki, ya tokare shi da sanda ya ce, "A rushe." Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin ramin nan, hawaye na ɗiga cikin kwaɓin, ban bari ya gani ba.

Ashe Inna ta riga ta aika gida-gida cewa duk wanda ya kuskura ya ce wa maigidanta barka da fitowa, shi da ita ne. Mutanen ƙauyenmu kuwa suna tsoron bakin Inna fiye da na mai unguwa. Sai ka ga dattijo ya zo wucewa, ya tsaya ya gaida magini gaisuwa mai tsawo, ya gaishe ni, ya tambayi iyalina, ga Baba tsaye a tsakaninmu da malfa, amma ya yi kamar bai gan shi ba. Wani tsoho garin kallon sama sai da ya yi karo da tsamiyar. Da yamma Baba ya shiga gida a fusace ya ce, "Wane irin gari ne wannan da ba a gaida manya?" Dole Inna ta sake aikawa: a gaishe shi, amma kamar jiya aka rabu.

To, da jama'a suka ga mutumin da bai taɓa fitowa ba ya fito saboda baƙon nan, sai suka ce lalle akwai ƙamshin gaskiya. Wa ya kai Baba sanin Turawa? Nan da nan ƙauye ya ɗauka. Mata suka fara tara ƙwan zabi, don Baba ya ce Bature ba ya karya kumallo sai da ƙwai. Aka sa masassaƙi ya huda kujera aka girka ta a kan masai, yara suka yi ta layi suna leƙawa. Mai unguwa ya ware wa baƙon ɗan yanki a fadama, ya ce mutum ba ya zama ba gona, ko rake ya dasa. Liman ya ce shi ba zai yi masa maganar Musulunci da wuri ba, sai ya huce. Aka yi gardama a majalisa kan ko zai zo da matarsa, har mutum biyu suka daina magana da juna. Ni da nake cewa hauka ne, wata rana na tsinci kaina ina tambayar magini ko tagar ba ta yi wa Bature ƙanƙanta ba.

Baba kuwa kullum yana wurin. Ya zagaya gini, ya je bakin rafi ya duba ƙasar da ake ɗebowa, ya taka har gindin giginya ya zaɓi azara da kansa. Rufin nan sai da aka yi masa yaɓe kan yaɓe, ya hau tsani yana dubawa, ina ƙasa ina riƙe da tsanin.

Ana cikin haka malamin firamare ya zo wata Juma'a, fuska ba walwala. Ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Yaya, na bincika. Su can ba a korar wanda aka kayar. Mutumin nan yana ƙasarsu, ba inda za shi." Na ce ai da ma na sani, bari in je in gaya wa Baba a huta. Sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Inna ce. Ta nuna mini Baba da haɓa, yana can yana yi wa magini faɗa, ta ce, "Dubi ƙafafun nan." Na duba. Kumburin ya saɓe, har idon sawu ya fito, takalmin da ya daɗe ba ya shiga yana ƙafarsa. Ta ce, "Wanda duk ya buɗe baki a cikinku, ban yafe ba. Ran da ya ji baƙon ba ya zuwa, zaure zai koma." Daga ranar, in Baba ya tambayi malamin labarin tafiyar, sai ya ce rediyo ba batir.

Da gini ya kusa ƙarewa, Baba ya tara dattawa a kan dakalin sabon ɗakin bayan la'asar, wai zai koya musu yadda ake zama da wanda aka tuɓe. Na zauna a gefe ina shirin danne dariya. Ya ce, "Kada a yi kiɗa kusa da nan. Kada kowa ya tambaye shi yadda aka yi. In kun gaishe shi kada ku cika ranka ya daɗe, zai gane tausayi ne, kada kuma ku fasa, zai ce raini ne. Farkon zuwa ba zai ci abinci ba, a ajiye masa a bakin ƙofa a tafi. In kun ji yana magana shi kaɗai, ba hauka ba ne, shari'arsa yake sakewa." Dariyar da na tanada ta gudu. Duk wanda ke wurin ya san ba labarin Bature ake ba mu ba.

Sannan ya ce, "Babba a ciki, kada a bar shi ya zauna a ɗaki. In ya yi mako bai fito ba, ƙofar nan tana ƙara nauyi kullum, har ta fi ƙarfinsa. Ni da kaina zan shiga in jawo shi." Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Muna nan zaune aka kira magariba.

Ɗaki ya gamu, an shafe shi da farar ƙasa, ƙwan zabi ya fara lalacewa, baƙo shiru. Baba ya shiga damuwa, wai ko an ajiye bawan Allah a tasha ba mai nuna masa hanya. Sai ya ji labarin akwai wani Bature da ke zuwa Makarfi ranar kasuwa yana duba audugar da ake aunawa. Ya ce zai je ya tambaye shi ranar isowa. Muka yi juyin duniya. Inna ta kwanta ta ce zazzaɓi, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ɗauki malfa. Dole na bi shi. Muka hau jaki zuwa bakin hanya, muka shiga motar auduga, ina addu'a a zuciyata Allah ya sa Baturen ya yi fashi.

Makarfi kuwa kasuwar mutanen tsohon garinmu ce, don haka Baba ya ja malfa har kan hanci. Duk da haka wata tsohuwa mai daddawa ta gane tafiyarsa. Ta tafa hannu ta ce, "Lah! Baba dagaci, ashe kana da rai? Wallahi mun ɗauka ka daɗe da rasuwa. Ina Inna? Ka sayi daddawa mana, ta bana ce." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta juya ga wani mai ciniki. Baba ya tsaya yana jiran sauran, babu sauran. Na ja hannunsa muka wuce.

Baturen bai yi fashi ba. Saurayi ne ja wur, da gajeren wando, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ga dattijo, ya sa aka ba shi buhun auduga ya zauna, aka gaisa. Baba ya yi gyaran murya ya ce ya zo ne kan maganar shugabansu da aka tuɓe, a gaya wa hukuma masauki ya gamu, rufi ba ya yoyo, yaushe za a kawo shi? Baturen ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai da Baba ya maimaita masa dalla-dalla sannan ya gane. Ga mamakina bai yi dariya ba.

Ya ce, "Baba, an gode ƙwarai. Amma ba za a kawo shi ba. Ya dai kwashe kayansa daga gidan gwamnati, shi ke nan."

"Aka kai shi ina?"

"Ba a kai shi ko'ina ba. Yana zuwa majalisa, ya zauna yana fuskantar sabon, ya yi ta gaya masa bai iya aiki ba."

"A gabansa?"

"A gabansa. Aikinsa ke nan yanzu. In ya gaji kuma, an ce yana son kamun kifi."

Baba ya ɗage malfa don ya ga fuskar yaron da kyau. "Yana fita? Mutane suna ganinsa?"

"Kowa na ganinsa. Ai ba shi ne farau ba. Wanda ya ja mu muka ci babban yaƙi, ana gama yaƙin aka kayar da shi. Shi ma bai ɓuya ba, mutum ne mai zane-zane, yana ma gina katanga da hannunsa a gida. Bayan wasu shekaru aka sake zaɓensa."

"Ba sa jin kunya?"

Baturen ya ce, "Kunyar me, Baba?"

Na san Baba da fushi, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ya miƙe ba tare da sanda ba, ya ce, "Wato ku a gidanku tuɓewa kamar tuɓe riga ce, mutum ya ajiye ya tafi kamun kifi, mu kuma a nan ku kwashe mutum da awakinsa ku yar a daji? Saboda ɗigon ruwa?" Masu auduga suka taru. Baturen ya ƙara ja, ya ce shi lokacin yana makaranta, bai san zancen ba, amma a yi haƙuri. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ga lalle yaro ne, ba wanda zai kama. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya juya.

Muka iso gida. Ko kallon sabon ɗakin bai yi ba. Ya shiga zaure, ya rataye malfa, ya zauna kan buzu kamar bai taɓa tashi ba. Inna ta dubi fuskata ta gane. Kashegari bai fito ba, wanshekare ma haka. Tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Ni kuwa ko gona na kasa zuwa, ina zagaye gida ina jin kamar in cinna wa ɗakin nan wuta. Duk wahalarmu ta tashi a banza, ga damina tana nan tafe.

Ran nan da hantsi na leƙa zaure in gaishe shi, sai na tarar da buzu ba kowa. Malfa na rataye, sanda na jingine. Na duba bayan gida, babu. Na duba ɗakin Bature, babu. Wallahi har rijiya na leƙa. Ina cikin gudu sai wata mata da ta dawo ɗiban ruwa ta ce, "In Baba kake nema, yana rafi."

Na same shi zaune a kan dutse a bakin ɗan kududdufin da ya rage, da tsohuwar hulata a kansa, a fili, kan hanyar da kowa ke bi zuwa fadama. Ya karɓi ƙugiyar wasu yara ya ɗaura a sillen kara, ya jefa a ruwa. Mutumin da bai taɓa kama ko tarwaɗa ba tun da aka haife shi. Masu wucewa na cewa, "Sannu da aiki, Baba," yana amsawa, "Yauwa, sannunku."

Na tsuguna ina haki, na ce, "Baba, me kake yi a nan?"

Ya ce, "So nake in ji abin da Baturen da aka tuɓe yake ji a ciki."

Na ce, "Ai ba kifi a ruwan nan, sai kwaɗi."

"Na sani." Ya ɗan ja zaren ya sake. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutum ya rasa Ingila ɗungurungum yana yawonsa. Ni kuwa garin da na rasa, jaki na iya zagaye shi kafin ya gama kuka. Ka ga tsohuwar nan mai daddawa? Shekara da shekaru ina ɓuyar mata, ita kuwa ta ɗauka na mutu." Ya yi wata 'yar dariya, sai muryarsa ta karye. "Rawani kawai suka karɓa. Sauran duk ni na ba su, ba wanda ya tambaye ni."

Na zauna kusa da shi, muka yi ta kallon zaren har rana ta take, ba mu kama komai ba. Da aka kira azahar ya miƙe ya ce, "Tashi mu je, kada mu rasa jam'i." Ranar ce na fara yin salla kafaɗa da kafaɗa da mahaifina a masallaci, ina da mata da ɗa.

Baba ya ga damina da yawa bayan wannan, kuma da ƙafarsa ya je duk inda ya je, har cutar ajali.

Na girma na ga duniya, an ba ni an kuma karɓe, don ni ma an taɓa ɗora ni a kan wani ɗan shugabanci na manoma, aka wayi gari aka sauke ni ba sallama. Na ji zafi, ba zan yi muku ƙarya ba, har na ja ƙofa na zauna. Amma ban kai azahar ba na tashi na wanke fuska na tafi kasuwa, na bi rumfa-rumfa ina gaida waɗanda suka sauke ni. Darasin da na ɗauka a bakin rafin nan ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana: in an karɓe maka abu, to a tsaya kan abin da aka karɓa, kada ka bi su da sauran kwanakinka kyauta. Mutanen da kake jin kunya suna can suna sayar da daddawarsu.